Na kasa barin hirar dare da latsa waya, wai hali yana canzuwa kuwa?

Abdoul_Boukoki ya rubuta:

Slm ƴan'uwa barkanku da warhaka. Dan Allah shawara nake nema, ku yi haƙuri zan ɗan ja maganar dan ku gane inda abin yake mini ciwo.

Shekarata 27, haihuwar Tawa ne ni karatu ya kawo ni Yamai, na gama lisans a jami'ar Abdou Moumouni shekara biyu ke nan aiki bai samu ba, ina zaune wajen kawuna a Boukoki ina taya shi tsaron butik a Wadata kafin Allah ya kawo konkur ɗin (jarabawar ɗaukar ma'aikata) da nake jira. Matsalata dare. Da an sallame isha'i ƙafata da kanta take kai ni fada, ƙofar gidan wani abokinmu ne, benci biyu da tabarma ɗaya, a ɗora shayi a raba belot a shiga gardamar balo, kafin a sha na uku sha biyu ta gota. In na dawo gida maimakon in kwanta sai in ce bari in leƙa WhatsApp minti biyar, daga nan TikTok daga nan Facebook, wlh sau da yawa kiran sallar farko ne yake sa in ajiye wayar, in ce bari in ɗan miƙe kafin a tada salla, sai dai in buɗe ido in ga rana a tsakar gida. Kayen (littafin rubutu) da na sayo dan shirin konkur wata huɗu ke nan shafi shida kawai na cika. Forfe (kuɗin intanet na waya) kuwa kullum na dala ɗari, ranar da na zauna na yi lissafi jika 15 ne a wata, ni da ba ni da albashi.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne azumin bana. Wlh na zama wani mutum daban, asuba cikin jam'i kwana talatin ban rasa ba, ina karanta izu biyu kullum, har na ce shi ke nan Allah ya yaye mini. Sati biyu bayan salla na koma gidan jiya kamar ba a yi ba. Na goge TikTok ya fi sau biyar ina sake saukewa, na sa alam huɗu a jere ina kashe su cikin barci ban ma sani ba, har rantsuwa na taɓa yi.

Abin da ya sa na rubuto yau, Talatar da ta wuce Kawu ya tafi Dosso ta'aziyya ya bar mini makullin butik, ya ce ƙarfe bakwai za a kawo buhunan shinkafa in tabbata ina wurin. Tara da kwata na farka, na tarar da kira goma sha ɗaya a waya. Mai kayan ya jira ya gaji ya kai wa wani. Da Kawu ya dawo na shirya shan faɗa, amma ko ɗaga murya bai yi ba, hannu kawai ya miƙo ya ce Abdu ba ni makullin, a gabana ya miƙa wa ɗansa mai shekara 16. Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Daren nan ban fita fada ba, amma washegari na fita.

To shi ne nake tambaya, wanda ya taɓa barin wani hali da ya daɗe a kai, ba wanda ya karanta a littafi kawai ba, ta yaya ya yi? Ko dai gaskiyar Bahaushe ce hali zanen dutse, in haƙura haka Allah ya yi ni?

Tela_Bilbis ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗana. Da nig ga ka ce kai ɗan Tawa na sai nic ce bari in tanka ma, ɗiyata ta ka rubuta min ina hwaɗi dan idona bai son ƙananan baƙaƙen ga.

Ni taba nis sha shekara goma sha tara. Abijan nik koyo ta, can ga ɗakin da mu ka haya mu takwas ƴan Adar, kowa na sha ni ma nih hwara da kara guda dan kar a ce ni baƙauye na. Da nid dawo gida nib buɗe shagon ɗumki kwali guda ba shi kai min magariba. Na yi rantsuwa da Alƙur'ani sau biyu, sau biyu ina ciyad da miskinai goma na kaffara, dan haka kar ka ƙara rantsuwa, ba ta maganin komi sai ƙarin nauyi.

Abin da yab buɗe min ido wani tsoho na, abokin mahaihina, Allah shi jiƙan shi. Yac ce min Tela kai kana hwaɗa da taba amma ba ka san lokacin da ta ka zo maka ba, tahi ka yi kwana bakwai kana sha yadda kas saba, kai dai ka lura yaushe ka ka kunna ta. Nil lura. Ashe ba kullum ni ka jin kwaɗayinta ba, wuri ukku na: in na sha shayi na biyu, in na gama datsa yadi na aje almakashi, da in na biyo ta gaban mai tebur na bakin hanyarmu da sahe. Hannuna shi ka tahiya aljihu tun ban yi tunani ba. To nan nig gane ba zuciyata ɗai ta ka da laihi ba, wuri da lokaci su ka kiranta.

Sai nis sake hanya, ina zagayawa ta bayan masallaci ko da ta hi nisa. Nis sa asawaki cikin akwatin keken ɗumki nan inda kwalin taba ka zama, in na aje almakashi hannu ya tahi sai shi iske icce, in tauna in tauna hal abin shi wuce, kuma wallahi shina wucewa, bai kai minti goma, awa hadarin da iska ya kore. Shayi kau wata biyu ban sha na biyu ba, na hwarko ɗai in tashi. Na hwaɗi cikin wagga tahiya, ranar sunan ɗan ƙanena na sha kara ukku, amma ban ce tunda na ɓata bari in sayi kwali ba, da sahe nik koma ga iccena. Yau shekara goma sha ɗaya.

Kai kuma ban ce ka bar hwada ba, mutum ba shi zama ba mutane. Amma ka ce ƙahwarka da kanta ta ka kai ka bayan lisha, to nan maganar take. Tahi bayan magariba ku gaisa ku yi dariya, in an kira lisha ka tashi da su, in an sallame kar ka biyo ta ƙohwar gidan nan, bi wata hanya zuwa gida. Kuma ka hwaɗa ma babban hwadarku gaskiya baki da baki, ka ce konkur ni ka shiri ku taimake ni. Wanda yay yi ma dariya ka san matsayinai.

Zancen waya kau ban san shi ba sosai, yara su ba ka amsa. Amma zanen dutse da ka ce, ni na ga rijiyoyin Adar da idona, igiyar guga ta ka cin bakin dutse hal ta yi mishi rami, ba da ƙarhi ba, da yawan bi.

Hadiza_Harobanda ta rubuta:

Baba Tela Allah ya ƙara girma da lafiya, wlh abin da kuka faɗa shi ne ake koya mana a aji sai dai ku kun faɗe shi ya fi daɗi. Ni karatun likita nake a nan Harobanda, bari in ƙara kaɗan ta ɓangaren jiki dan Yaya Abdoul ya daina ganin kamar shi kaɗai ne rago.

Na farko shayin nan. Ganyen da muke dafawa ya daɗe a wuta yana da kafeyin, sinadarin da ke hana barci, kuma kafeyin in ya shiga jini sai ya yi wajen awa 5 kafin rabinsa ya fita, ke nan wanda ya sha kofi uku tsakanin ƙarfe goma da sha biyu, ƙarfe uku na dare fiye da rabin abin yana nan yana aiki. To ka dawo gida ido bushe barci ya ƙi zuwa, me za ka yi in ba ɗaukar waya ba? Wayar kuma an gina ta ne dan kar ka ajiye, bidiyo bai da ƙarshe wani na ƙarewa wani na shigowa, babu inda aka ce maka to nan ne iyaka. Babban mutum yana buƙatar barcin awa 7 ko fiye, kai kana kwanciya biyar saura kana so alam ya tashe ka biyar da rabi, ko alam goma ka sa jiki sai ya karɓi haƙƙinsa. Dan haka yaƙinka ba da asuba yake ba, da ƙarfe goma na dare yake.

Na biyu zancen kwana 21 da ake yawo da shi a status, wai in ka yi abu kwana 21 ya zama hali, kar ka dogara da shi. Akwai binciken da wata masaniya Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a jami'ar UCL ta Landan aka fitar a 2009, mutum 96 kowa ya zaɓi ƙaramin abu ɗaya da zai dinga yi kullum, kamar shan ruwa da abincin rana ko ɗan gudu kafin abincin dare. Tsaka-tsakin lokacin da abin ya zama jiki kwana 66 ne, wani 18 ya ishe shi wani lissafi ya nuna sai 254. Kuma sun ga tsallake rana ɗaya bai rushe ginin. Ka ga kwana talatin na azumi ba lalle ya isa ba, balle a azumi gari ne gaba ɗaya yake tashinka, sahur, ƙarar tukwane, lasifika, kowa a tsaye. Da aka sha ruwan salla duk waɗannan suka tafi suka bar ka kai kaɗai da benci biyu da tabarma.

Abin da ni na yi a shekarata ta biyu da na kusa faɗuwa jarabawa: na sayi ɗan agogon tebur mai batir a kasuwa, waya kuma ƙarfe goma sai in kai ta ɗakin Inna in sa a sharji can, in rufo. Daren farko na tashi sau biyu na je har bakin ƙofar, kunyar in tashe ta ce ta maido ni. Goge TikTok bai yi maka aiki ba dan sake saukewa minti biyu ne kana kwance, amma tashi ka buga ƙofar matar kawunka ƙarfe ɗaya na dare ka ce a ba ka waya, wannan ba za ka iya ba. Nemi abin da kunya za ta tsare maka shi.

Sannan kar ka ce "zan gyara rayuwata", ƙwaƙwalwa ba ta san me za ta yi da wannan ba. Wani masani Bajamushe Peter Gollwitzer ya yi rubutu a kai a 1999, cewa niyyar da aka ɗaure da lokaci da wuri ta fi cika, wato ka ce in na shigo gida bayan isha'i zan miƙa wa Inna waya kafin in cire takalmi. In na dawo daga asuba zan buɗe kaye shafi ɗaya kafin in karya. Shafi ɗaya fa, kar ka ce awa uku. Kuma dan Allah kar ka haɗa su duka a sati ɗaya, fara da wayar.

Issou227 ya rubuta:

Ni fa gsky ina da ja a maganar nan. Duk kun taru a kan yaro kamar shayi da waya ne suka hana shi aiki. Mutum ya yi shekara da shekaru yana karatu ya fito da takarda, ya ajiye dosiye wuri goma ba wanda ya kira shi ko sitaj, to ya tashi ƙarfe biyar ya je ina? Wanda yake da inda za shi da safe ba sai an koya mashi kwanciya da wuri ba, ku duba masu tura kura da masu kai kaya Katako, wa ya ba su agogon tebur? Sannan ku tuna a Yamai muke, watan huɗu da na biyar zafi na wuce 40, ɗakin kwano in an ɗauke kuran ƙarfe goma na dare tanda ne, wa zai iya barci a ciki? Dole mutum ya fito waje ya nemi iska, in ya fito kuma abokai zai tarar.

Kuma fada ba wurin banza ba ce kamar yadda manya suke ɗauka. Ni aikin da nake yi yanzu a fada na ji labarinsa. Ranar da mahaifiyata ta kwanta asibiti ƴan fadarmu ne suka haɗa jika 40 cikin dare ɗaya, biyu daga cikinsu suka ba da jini. Ƙasar da kusan rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba, matasa sun yi yawa aiki ya yi kaɗan, fadar nan ce take riƙe da hankalin da yawa daga cikinmu da tuni sun kama hanyar Agadas ko sun faɗa tramol.

Abdoul ni shawarata ka nemi abin da zai sa dole ka tashi, wanda wani yake jiranka. Ko yara biyu ka samu kana musu darasi a gida kafin su tafi lakkwal ko da yamma, ko ka bi masu gudu da safe wajen filin Seyni Kountché. In babu mai jiranka, katifa ce za ta ci nasara kullum.

Malam_Sani_Lazaret ya rubuta:

Assalamu alaikum. Issou maganarka akwai gaskiya a ciki kuma ba wanda ya ce fada haramun ce, zumunci ne, ni ma na zauna a cikinta da ƙuruciya. Sai dai ka manta abu ɗaya, ranar Talatar nan akwai mai jiran Abdu, mai shinkafa ya tsaya ya kira sau goma sha ɗaya. Dalilin tashi ya zo ya tarar da jiki bai shirya ba. Rashin aiki ba laifinsa ba ne, amma ranar da aikin zai zo da wannan jikin zai tarbe shi. Shawararka ta ƙarshe kuwa na yarda da ita ɗari bisa ɗari.

Abdu ɗan'uwana, ka cire wa ranka cewa haka Allah ya yi ka. Da hali bai canzuwa da ba a aiko annabawa ba, da wa'azi ya zama ɓata lokaci. Larabawan da aka aiko Manzon Allah SAW cikinsu giya kamar ruwa take a wurinsu, kuma ba rana ɗaya aka hana ta ba, an fara da cewa zunubinta ya fi amfaninta, sannan aka ce kar a kusanci salla cikin maye, sai daga baya a suratul Ma'ida aka ce a nisance ta gaba ɗaya. Nana A'isha RA ta ce da farkon abin da ya sauka shi ne kar ku sha giya, da sun ce ba za mu bari ba har abada, yana cikin Bukhari. To in sahabbai an bi da su mataki-mataki, kai wane ne da za ka ce daga gobe izu biyu da asuba da karatun awa uku da barin waya duk a tare? Ita ma Nana A'isha ce ta ruwaito cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne. Ni a ganina abin da ya kayar da kai bayan salla ke nan, ka ɗauko kayan azumi ka ce za ka yi shekara da su a ka, da suka yi nauyi ka zubar duka maimakon ka rage.

Kuma ya tabbata Annabi SAW ba ya son barci kafin isha'i da hira bayanta, malamai sun ce saboda kar ta kai mutum ga rasa asuba, sun kuma keɓe hirar ilimi da ta iyali da baƙo. Ka ga shawarar Baba Tela ta a je bayan magariba a tashi da isha'i ta yi daidai.

Wani abu da nake so ka kula da shi, maganar da kake faɗa wa kanka in ka makara. In ka farka ka ga rana kar ka zauna kana cewa ni ba ni da amfani, wannan ƙofa ce ta shaiɗan, daga ita sai a ce tunda yau ta ɓaci bari a ƙarasa ta. Tashi ka yi alwala ka yi sallarka a take, wanda ya yi barci bai yi salla ba lokacinta shi ne sanda ya farka, sannan ka tambayi kanka jiya ƙarfe nawa na kwanta kuma me ya jawo. Hisabi ake so, ba zagin kai ba.

In kuma ka ajiye waya da shayi sati biyu uku har yanzu barci bai zuwa, ko kana jin ƙunci kullum abinci ba daɗi komai ya fita ranka, to ka je ka ga likita, ba raunin imani ba ne, addu'a da magani ba sa faɗa. Kuma kar ka karɓi ƙwayar barci daga masu yawo da magani a tire.

Maman_Nafissa ta rubuta:

Ƙanena ni ba boko na yi mai zurfi ba, dambu da kopto nake sayarwa a Talladjé, amma bari in faɗi nawa. Nawa halin faɗa ne, yara su yi abu kaɗan in daka musu tsawa har maƙwabta su ji, daga baya in zauna ina nadama. Ranar da ƙaramar ɗiyata ta zubar da man gyaɗa, kafin in buɗe baki na ga ta ɗaga hannu biyu ta kare kanta tana rawar jiki, yarinya ƴar shekara huɗu, ranar ban iya cin abinci ba. Malamarmu ta islamiyya ta ce hadisi ya zo in mutum ya yi fushi yana tsaye ya zauna. Shi kaɗai na riƙe, in na ji abin ya taso sai in nemi kujerar tsugunno in zauna kafin in yi magana. Da farko sai na gama tsawar nake tunawa, daga baya ina tunawa a tsakiya, yanzu yawanci kafin ta fito. Ya kai shekara kafin in ga haka, dan haka kar ka yi gaggawa.

Zancen jika 15 kuwa ya tsaya mini a rai. Ka shiga adashi ko da na dala hamsin kullum ne, uwar adashi ba ta jin uzuri, in ka san za ta aiko da yamma ba za ka zuba kuɗin a forfe ba. Allah ya ba ka sa'ar konkur.

Abdoul_Boukoki ya rubuta:

Slm, na gode ƙwarai Allah ya saka wa kowa da alheri, na yi shiru ne dan ban so in dawo da baki kawai. Yau kwana 12.

Na sayi agogon, na kuma bi maganar Hadiza na fara da waya kaɗai. Matar Kawu da na miƙa mata daren farko ta tsaya tana kallona ta ce lafiya, na ce Inna ko na zo na roƙa kar ki ba ni sai bayan asuba, ta ce to Allah ya sa da gaske kake, ta sa ta cikin kwanon samira ta rufe ta ɗora saman armuwar. Wlh kwana uku na farko wahala ce, ina kwance a tsakar gida ina juyi hannuna yana lalube gefen tabarma inda wayar take zama, sai na tuna asawakin Baba Tela. Daga na huɗu barci ya fara ɗaukata wajen sha ɗaya da rabi.

Cikin kwana 12 na samu asuba a masallaci sau 8. Biyu na makara kaɗan na yi a gida, biyu kuwa faɗuwa ce sosai, daren da aka yi mach na ce rabin lokaci kawai zan kalla, na kai har ƙarshe da gardamar bayansa da shayi uku, ban ma kai wa Inna wayar ba dan ta riga ta kwanta, washegarinsa ma haka ta faru dan na yi barcin rana mai yawa. Da can da daga nan na watsar. Wannan karon na tuna maganar Malam na zauna na duba, sai na ga ranar mach dole in miƙa wayar tun kafin in fita.

Na yi wa babban fadarmu magana kamar yadda Baba ya ce, na ɗauka zai yi mini tsiya, sai ya ce ai shi ma matarsa ta gaji da shi, yanzu in an kira isha'i shi da kansa yake cewa Abdu tashi ɗan konkur. Mutum biyu suna ta zolaya wai na zama ustaz, ban kula ba. Issou na bi taka ita ma, akwai yaron maƙwabta da zai yi jarabawar bepese bana, na ce ya dinga zuwa shida da rabi muna lissafi rabin awa kafin ya wuce lakkwal, jiya tun shida da kwata ya zo yana buga ƙofa. Kaye ya kai shafi 19. Adashin ne ban shiga ba tukuna Maman Nafissa, amma forfe ya koma na kwana biyu sau ɗaya.

Makulli dai har yanzu yana hannun ɗan Kawu, Kawu bai ce komai ba, sai dai shekaranjiya muna fitowa masallaci ya ce in riƙe masa buta da tabarma muka taho tare. Ina tunanin in same shi in roƙe shi ya maido mini, ko kuna ganin ya yi wuri?

Tela_Bilbis ya rubuta:

Ya yi wuri ɗana, kar ka roƙa. Kawunka ɗan kasuwa na, shina ƙilga kwanakin ga hiye da kai, kai dai ka riƙa riga yaron isa bakin butik ka share gaban shago ka zamna hal shi zo shi buɗe. Wata biyu nan gaba ka dawo ka ba mu labari. In ka zo Tawa da babbar salla ka biyo Bilbis ka tambayi tela mai asawaki, ka taho da yadinka.